Kwantum na mastas ya tsaya mini a wuya, ta ina zan kama shi?

Sabon Ɗan Mastas:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. A digirin farko na ci kwas ɗin kwantum, wato fizik ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su zarra da ilektron, da maki mai kyau, har abokai kan zo ɗakina in yi musu bitar ƙwayar da aka kulle a akwati da lissafin haidurojin. Yanzu na fara mastas a fizik, kwantum na gaba ya zo, sai ka ce ban taɓa jin sunansa ba. Ranar farko malamin ko sau ɗaya bai rubuta ψ(x), alamar igiyar ƙwaya da muka saba da ita, ba. Shigowarsa ke da wuya ya zana |α⟩ a allo, ya ce wannan shi ne halin da abu yake ciki, ya zarce zuwa ofaretocin da ba a sauya musu wuri, wato A sau B ba ya zama daidai da B sau A. Yanzu muna kan fatabeshan mai tafiya da lokaci (fatabeshan shi ne lissafin ƙaramin gyara a kan amsar da aka riga aka sani), an ce daga nan sai lissafin warwatsuwa, sannan ikweshan ɗin Dirac. Komai ina kwafewa, rubutuna tsaf, amma da an rufe littafi an ce in fito da abu da kaina, sai biro ya tsaya. In koma baya ne, ko in bi aji a haka in haddace zuwa jarrabawa?

Injiniya Mai Sola:
Wa alaikumus salam. Haddace ka wuce, ɗan'uwa. Nemi tambayoyin shekarun baya, malamai ba sa nisa da su. Takarda ake tambaya a wajen neman aiki, ban taɓa jin an ce wa wani ya rubuta ikweshan ɗin Dirac a intabiyu ba.

'Yar Lissafi:
Ƙanena kada ka biye wa Injiniya, shi ya riga ya haye. Ciwonka ba na fizik ba ne, na aljabara ne. Ka amsa mini tsakaninka da Allah: in na ba ka matirik mai layi biyu da ginshiƙi biyu, za ka fito da aigenbaliyu da aigenbekta ɗinsa ba tare da leƙa littafi ba? Za ka iya nuna dalilin da ya sa matirik Hamishiyan ba ya ba da aigenbaliyu sai lamba ta gaske, wadda babu i a cikinta? In amsar a'a ce, to nan ramin yake.

A digirin farko ana koyar da kwantum kamar wani reshe ne na difarenshiyal ikweshan. Ga V(x), warware, saka sharaɗin iyaka, fito da matakan makamashi, karɓi makinka. Mutum zai iya cin A a haka bai taɓa sanin cewa ψ(x) ɗin nan bekta ce da aka rubuta a besis ɗin wuri ba, kuma ana iya rubuta ita wannan bektar a besis ɗin momentum ko na makamashi ba tare da ta canza ba. Malaminka bai sauya darasi ba. Bektar ya nuna maka tsirararta, kai kuma ka saba ganin ta cikin riga ɗaya.

Shawarata, ka ajiye haidurojin tukuna, ka koma kan abu mafi ƙanƙanta da ke da kwantum a cikinsa, wato sipin, wata siffa ta ilektron mai kama da ɗan maganaɗisu, mai hali biyu kacal. A 1922 a Frankfurt, Otto Stern da Walther Gerlach sun dafa azurfa a tanda, suka bar ƙwayoyin zarrarta suka fito ta wata 'yar kafa, suka ratsa tsakanin maganaɗisun da ƙarfinsa bai daidaita ba, sama ya fi ƙasa. A lissafin da, ya kamata ƙwayoyin su bazu a jikin gilashin da ke gaba, wasu can sama, wasu tsakiya, wasu ƙasa. Sai aka ga sun rabu gida biyu, tsakiya fayau. A lokacin ma ba a san sipin ba, sai 1925 Uhlenbeck da Goudsmit suka kawo shi. Azurfa tana da ilektron 47, guda 46 sun kashe na juna, ɗaya na waje shi ke wannan aikin.

Ga inda daɗin yake. Ka ɗauka ka jera na'urori irin wannan guda uku. Ta farko tana auna sama da ƙasa, ka toshe na ƙasa, ka bar na sama kaɗai su wuce. Ta biyu ka kwantar da ita tana auna dama da hagu, za su rabu rabi da rabi, ka toshe na hagu. Ta uku ka mayar da ita sama da ƙasa kamar ta farko. Hankali zai ce ai mun riga mun tace, na sama ne kawai za su fito. Ina! Rabi sama, rabi ƙasa. Awon dama da hagu ya shafe abin da ka sani game da sama da ƙasa. Wannan shi ne ma'anar cewa Sz da Sx, wato awon sama da ƙasa da awon dama da hagu, ba a sauya musu wuri, kuma duk lissafinsa matirik ne na biyu sau biyu, na Pauli. Babu intigireshan ko ɗaya. Ka zauna a kan wannan har ket da bira, wato |α⟩ da ⟨α|, su zame maka abin hannu.

Ga aikin gida ga duk mai so: an tace na sama, sai aka karkata na'ura ta biyu da digiri 60 daga ta farko. Kashi nawa za su fito ta ƙofar sama ta na'ura ta biyu?

Sabon Ɗan Mastas:
Na gode Yaya. Aigenbaliyu zan iya, hujjar Hamishiyan ɗin ce sai na duba. Liniya aljabara a aji biyu muka yi shi a sashen lissafi, kuma babu wanda ya ce mana zai dawo.

Tsohon Lakcara:
Na karanta bayanin 'yata, Allah ya yi mata albarka, ta iya koyarwa. Amma ban yarda da ita duka ba, kuma wannan gardama ta girme ta, tun muna samari ake yin ta a ɗakin shan shayin malamai.

Fara wa yaro da sipin yana da daɗi saboda lissafin gajere ne. Illarsa ita ce sipin ba shi da ɗan'uwa a fizik ɗin da yaron ya sani, don haka sai ya ɗauki kwantum a matsayin dokokin da aka saukar daga sama, a karɓa kawai. Alhali ba haka abin ya zo ba. A watan Yunin 1925 Heisenberg ya gudu tsibirin Helgoland saboda atishawar furanni ta dame shi, a can ya haɗa wani lissafi na jadawalin lambobi wanda in ka ninka A da B ba ya zama daidai da B da A. Shi kansa bai san matirik yake yi ba, Max Born ne ya gane, suka gyara shi tare da Jordan. Sai Dirac a Cambridge, a shekarar nan dai, ya lura cewa wannan bambanci na AB da BA ɗan'uwan baka-biyun Poisson ne na tsohon makanik. Daga nan xp − px = iħ ta samu gindin zama.

To ɗana, tambayar da zan yi maka daban ce da tata. Ka san makanik ɗin Hamilton? Ba ka ji sunansa ba, ka san shi? Ka san cewa momentum shi ke haifar da matsawa a wuri, Hamiltoniyan shi ke haifar da matsawa a lokaci, angula momentum shi ke haifar da juyawa? In ka san wannan a tsohon makanik, rabin kwas ɗinka na mastas maimaici ne da sabon rubutu. In ba ka sani ba, ko ka haɗiye matirik ɗin Pauli za ka sake tsayawa ranar da aka zo haɗa angula momentum biyu.

Kuma ina roƙo, a daina raina difarenshiyal ikweshan. Lissafin warwatsuwa da aka ce yana gabanka, da ayyukan Bessel da na Legendre ake yin sa. Sipin ba zai cece ka a can ba.

'Yar Lissafi:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban ce a zubar da Hamilton ba. Amma yaron nan jarrabawa ce a gabansa, ba shekara biyu ba. In aka ce ya koma ya gyara tsohon makanik, ya gyara ayyukan Bessel, ya gyara aljabara, zai tsorata ya koma shawarar Injiniya. Wanda ya fi saurin biyan kuɗin wahala shi na zaɓa masa.

Kuma da izininka, cewa sipin ba shi da ɗan'uwa a tsohon fizik, ni a wurina falala ce. Ɗalibin da ya fara da ψ(x) yakan ɗauka ilektron wani hayaƙi ne da ya bazu a sarari. Ranar da aka ba shi ilektron biyu, ψ ta zama mai wuri shida maimakon uku, sai hoton ya rushe masa. Gara tun farko kada ya gina shi.

Tsohon Lakcara:
Wannan ta ƙarshen kin faɗi gaskiya. Schrödinger ma da ya kawo ikweshan ɗinsa a 1926 haka ya so ya fahimce ta, Born ne ya ce a'a, murabba'in girman ψ yiwuwar samun abu ne a wuri. Amma sauran maganata tana nan.

Na Yamai:
Gaisuwa ga kowa daga Yamai. Ni a jami'ar Abdou Moumouni na yi lisansi, wato digirin farko, wanda aka sa wa jami'ar sunansa ma malamin fizik ne, a kan makamashin rana ya yi aikinsa. Ina bin gardamar Baba da Malama, sai na ga kamar ku biyun kun bar wani abu. A tsarinmu na Faransanci kowane kwas kashi biyu ne: akwai lacca, akwai TD, wato zaman warware tambayoyi. A TD ana raba takardar tambayoyi tun kafin ranar, ka je ka yi fama da su a gida, ranar zama a kira ka gaban allo da alli a hannunka. In ka tsaya, ajin duka na kallon ka, malami ba zai karɓi allin ba sai ka yi gumi. Ni dai ban taɓa fahimtar komai na kwantum a lacca ba, duk a gaban allon nan ne.

Ɗan'uwa ya ce yana kwafewa tsaf amma biro na tsayawa. Tambayata, tambayoyi nawa kake warwarewa da kanka a mako? Da sipin ka fara ko da Hamilton, in ba ka warware ba, sammakal.

Sabon Ɗan Mastas:
Mu babu wannan zaman. A jadawali akwai, amma malami ɗaya ke riƙe da kwas uku, ga 'yan digirin farko sun cika masa ofis. Lacca kawai yake samun yi, ita ma wani lokaci a haɗe ta mako biyu a rana ɗaya.

Na Yamai:
To ku yi wa kanku. Ku nawa ne a ajin? Ko ku huɗu ne, ku sami aji da babu kowa da yamma, kowa ya ɗauki tambaya ɗaya ya hau allo, sauran su yi masa rashin mutunci da tambayoyi. Sharaɗi ɗaya: ba a buɗe littafin amsoshi sai an gaji.

Tsohon Lakcara:
Madalla da mutumin Yamai. Bari in ba ku tambayar da za ku fara da ita, don ita ce nake auna ɗalibi da ita: hiliyom.

Haidurojin mata ɗaya gare shi, wato ilektron ɗaya, gidansa lafiya lau, ana warware shi daidai, makamashin ƙasa −13.6 eV (eV ma'aunin makamashi ne). Hiliyom kuwa mai gida ne da mata biyu. Kowace tana jan jiki wajen mai gida, amma ba sa ga maciji da juna, kuma kowace tana tare wa 'yar uwarta shi. Wannan kishin shi ya hana a warware ikweshan ɗin daidai har yau. To me za a yi?

Mataki na farko, ka yi kamar kishin babu. Cajin tsakiya 2 ne, kowane ilektron zai ba da sau huɗu na haidurojin, su biyu −108.8 eV. Abin da aka auna a ɗakin gwaji kusan −79.0 ne. Ka ga an yi nisa da gaskiya.

Mataki na biyu, ka shigo da turin da ke tsakaninsu a matsayin fatabeshan, ka lissafa gyara na farko. Intigireshan ɗin yana da ɗan wuya, sai ka buɗe 1/r₁₂ da ayyukan Legendre, waɗanda 'yata ta ce a jinkirta. Zai ba ka ƙarin 34 eV, ka sauka a −74.8. Daga kuskuren kusan 30 ka dawo na kusan 4.

Mataki na uku shi ne inda fizik yake. Ka ce, tunda kowane ilektron yana tare wa ɗayan tsakiya, cajin da yake gani bai kai 2 ba. Kada ka yanke nawa ne, ka bar shi Z, ka lissafa makamashi, ka nemo Z ɗin da ya fi saukar da shi. Za ka samu 27/16, kusan 1.69, makamashi kuma −77.5 eV. Da 'yar dabara ɗaya ka zo kusa da −79.0 da tazarar ɗaya da rabi. Kuma ƙa'idar wannan hanya ta tabbatar maka cewa ba za ka taɓa faɗawa ƙasa da amsar gaskiya ba, kullum daga sama kake gangarowa.

Abin da nake so ka gane, ɗana, kwas ɗin digirin farko na 'yan tambayoyin da ake warwarewa daidai ne, kuma ba su da yawa: akwati, osileta, haidurojin. Kwas ɗin mastas na sauran duniya ne, inda babu amsa daidai, sai dai ka san me za ka yar, me za ka riƙe, kuma kuskurenka ya kai nawa. Wannan ba ya haddatuwa.

Injiniya Mai Sola:
Baba, wannan misali na kishiyoyi kada Hajiya ta gani. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Ya gama ya san hiliyom −79 ne. Sai me? Wa zai ɗauke shi aiki da wannan a ƙasar nan?

Mai Lissafin Ƙarafa:
Injiniya, faifan solar da kake ɗora wa mutane a kan kwano fa? Tazarar makamashi ta silikon kusan 1.1 eV ce, ita ke yanke wane haske zai zama lantarki, wane zai wuce ko ya zama zafi, kuma ba a san da wata tazara ba sai da aka yi kwantum ɗin ilektron a cikin kiristal. Memorin wayarka da ratsa shingen da ilektron ke yi yake rubutu da gogewa, abin da tsohon fizik ya ce ba zai yiwu ba. Daƙiƙar agogo ma tun 1967 da zarrar siziyom ake ayyana ta, kaɗawa 9,192,631,770.

Maganar aiki kuma, ba zan yi maka ƙarya ba, yawanci koyarwa ce da bincike. Amma ƙofar ba a rufe take ba. Ni digiri na uku nake yi a kan lissafin kayan batir da hanyar DFT, wata hanyar lissafa halin ilektron a cikin abu, wadda Walter Kohn ya samu Nobel na kimiyyar sinadarai a kanta a 1998. Manhajar da nake aiki da ita, Quantum ESPRESSO, kyauta ce, kuma ƙananan lissafi laftof ma tana ɗauka. Mataki na ukun nan da Baba ya nuna a hiliyom, shi ne kakan abin da manhajar ke yi. Wanda bai gane shi ba zai danna maɓalli lambobi su fito, ba zai san na gaske da na banza ba, kuma irinsu suna da yawa.

Ga mai son ci gaba: akwai cibiyar fizik ta ICTP a Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Akwai cibiyar lissafi ta AIMS, da ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Abuja. Akwai kuma makarantar ASESMA da ake yi a ƙasashen Afirka daban-daban tun 2010 a kan irin lissafin da nake yi. Duk wanda ya je irin wuraren nan da haddar tambayoyin baya, makon farko asirinsa zai tonu.

Injiniya Mai Sola:
Na ji. Amma ni da nake ɗora faifan ban taɓa buƙatar ket ba, mita da sukurdireba sun ishe ni.

Mai Lissafin Ƙarafa:
Shi ya sa kake ɗorawa, wasu can suke ƙerawa.

Admin:
A yi a hankali don Allah. Injiniya da Mai Ƙarafa, ku bar ta haka.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba 'yar fizik ba. A unguwarmu akwai mai shagon maganin gargajiya da ya kawo wata na'ura, an rubuta kwantum a jikinta. Za ka riƙe wani ƙarfe a hannu minti ɗaya, kwamfuta ta fito da takarda ta ce ƙodarka kaza, hantarka kaza, sai ya haɗa maka magani. Mata suna ta zuwa, wata ma ta ajiye maganin hawan jininta saboda takardar. Wannan yana da alaƙa da abin da kuke karantawa?

'Yar Lissafi:
Ko kaɗan, Anti. Sunan kawai aka ara don a ci kuɗin mutane. Babu hanyar da riƙe ƙarfe a tafin hannu zai gaya wa kwamfuta halin hanta. In kina son na'urar asibiti da kwantum ke aiki a cikinta da gaske, MRI ce, mai ɗaukar hoton cikin jiki: sipin ɗin furoton na haidurojin da ke ruwan jiki ake jerawa da maganaɗisu mai ƙarfi, a buga masa igiyar rediyo, a saurari amsarsa. Sipin ɗin nan dai mai hali biyu da na ba ƙanena. Ki duba girman MRI da tsadarta, ki duba abin da ke kan teburin mai shagon. Don Allah ki lallashi matar nan ta koma kan maganinta.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai, ni ma ina da tambaya. Na ga wani bidiyo ana cewa kwantum ya tabbatar da cewa abu ba ya samuwa sai mutum ya kalle shi, kuma ƙwayoyi biyu na magana da juna nan take ko da ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Mai bidiyon ya ce wannan hujja ce ta ruhi da gaibu. Ya abin yake?

Tsohon Lakcara:
Malam, tambayarka tana da kyau, ɗalibai ma suna yin ta a ɓoye. Na farko, awo a kwantum ba ya nufin idon ɗan Adam. A gwajin da 'yata ta kawo, abin da ya toshe hanya ɗaya da gilashin da azurfa ta manne a kai su suka yi aikin, ko kowa ya tafi gida ya kulle ɗakin sakamakon ɗaya ne.

Na biyun akwai gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri. Einstein da Podolsky da Rosen sun tayar da maganar a 1935, suna ganin alama ce kwantum bai cika ba. A 1964 John Bell ya nuna cewa ana iya raba gardamar da gwaji. A sigar da aka fi amfani da ita, in ƙwayoyin sun taho da amsoshinsu a rubuce tun daga gida, kuma babu mai shafar wani daga nesa, wani adadi ba zai wuce 2 ba. Kwantum ya ce zai iya kai 2√2, kusan 2.83. Clauser ya gwada, Aspect ya gwada a 1982, Zeilinger ya ci gaba, aka ga ya wuce 2, su ukun suka karɓi Nobel a 2022. Amma ba za ka iya aika saƙo da wannan ba. Wanda ke gabas, in ya duba nasa sakamakon shi kaɗai, ba zai ga komai ba sai sama da ƙasa barkatai. Sai an haɗa takardun biyu ta hanyar da aka saba, wadda ba ta wuce gudun haske, sannan dangantakar ke bayyana.

Me ke faruwa a lokacin awo kuwa, masana har gobe ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba, duk da lissafin bai taɓa saɓa musu ba. Ni shawarata a matsayina na musulmi ɗan'uwanka, kada ka rataya imaninka a wuyan ikweshan. Ikweshan ana gyara ta. Ta Dirac ta 1928 ta hango fositiron, Anderson ya gan shi a 1932, kowa ya ce an gama. A 1947 Lamb ya auna matakai biyu na haidurojin da ita ta ce daidai suke, ya ga akwai tazara ta kusan megahaz 1,000 a tsakaninsu, dole aka faɗaɗa ginin. Mai bidiyo ba zai dawo ya gaya maka ranar da aka gyara abin da ya kafa hujja da shi ba.

Almajirin Zaure:
Na gamsu, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Aji Uku:
Anti 'Yar Lissafi, na gwada aikin gidan. Kosain 60 rabi ne, murabba'insa 1/4. Kashi 25 cikin ɗari?

'Yar Lissafi:
Ka yi ƙoƙari, amma gwada dabararka a digiri 90. Kosain 90 sifili ne, kenan babu wanda zai fito ta sama. Mu kuma mun ce rabi da rabi ne in an kwantar da na'urar. Wannan lissafin naka na hasken da ya ratsa folaraiza ne, wato gilashin tace haske. Sake dubawa.

Sabon Ɗan Mastas:
Yaya ga nawa. Na rubuta ofaretan sipin na sabuwar fuskar, cosθ sau Sz a tara da sinθ sau Sx, na nemo aigenbektarsa ta sama. Ta fito cos(θ/2) a gidan sama, sin(θ/2) a gidan ƙasa. Yiwuwar ita ce cos²(θ/2). A digiri 60 kenan cos² na 30, wato 3/4. A 90 ta ba da rabi, a 180 ta ba da sifili. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. In na saka 360, wato na juya na'urar ta dawo inda take, bektar ba ta dawo yadda take ba, ta dawo da alamar ragi. Sai a 720 take komawa daidai. Na yi kuskure ne?

'Yar Lissafi:
3/4 daidai ne, kuma ragin nan ba kuskure ba ne, haka sipin rabi yake. An ma auna shi a 1975 da niyutiron: aka raba su hanya biyu, aka juya sipin na hanya ɗaya da maganaɗisu, aka sake haɗa su, tsarin bai maimaita kansa ba sai bayan juyi biyu cikakku. Yanzu ka buɗe Python ka rubuta matirik ɗin, ka sa kwamfuta ta zana maka yiwuwar daga 0 zuwa 720. Daga nan ka yi osileta da matirik mai girma, ka ƙara masa x⁴, ka gwada amsar kwamfuta da ta fatabeshan ka ga inda suka fara rabuwa.

Tsohon Lakcara:
Kwamfuta kuma? Yaron da yau ya fara tsayawa da ƙafarsa za ki miƙa wa sanda. Ya yi x⁴ ɗin da hannu tukuna, da ofaretocin hawa da sauka, ya ƙirga kowane a da a† da kansa. A zauren jarrabawa babu Python, kuma in an ɗauke wuta takarda ba ta mutuwa.

'Yar Lissafi:
Baba, da hannu gyara na farko da na biyu kawai zai iya. Ba zai taɓa ganin inda fatabeshan ke lalacewa ba sai ya ga amsar gaskiya a gefe.

Tsohon Lakcara:
Hannu tukuna. In ya turo mini hoton takardarsa na ga gyara na farko na matakin ƙasa daidai, ya je ya kunna duk abin da yake so. Kuma tunda ajinsu na kan fatabeshan mai tafiya da lokaci, ga ta gaba: a haidurojin, matakin 2p yana faɗowa ƙasa cikin kusan nanosakan 1.6, amma 2s, da makamashinsu kusan ɗaya, yana kai wajen kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. Ya gaya mini wane intigiral ne ya zama sifili, kuma me ya sa.

Admin:
Masu son zaman warware tambayoyi irin na mutumin Yamai su ɗaga hannu a ƙasa. Asabar bayan Isha'i, ta murya, kowa da takardarsa. Na Yamai zai jagoranci na farko, hiliyom da x⁴. Baba, za a samu halartarka?

Tsohon Lakcara:
In akwai caji a wayar, zan shigo. Amma ba zan warware wa kowa komai ba.